Idan Sallah ta riski tsohon ciki: yadda gida zai shirya

Naƙuda ba ta san ranar Idi ba. Macen da watan haihuwarta ya kama a ƙarshen azumi ko a goman farko na Zulhajji tana ɗauke da nauyi biyu: na cikin da ya tsufa, da na hidimar da kowa ke sa ran za ta yi kamar yadda ta saba. Ga tuwon Sallah, ga tuyar nama, ga baƙi, ga zuwa gaida surukai. Da yawa ba sa iya cewa sun gaji, domin an tarbiyyantar da mu a kan cewa dauriya ce adon mace, musamman mai cikin fari.

Masu nazarin mutuwar mata wajen haihuwa sun daɗe da gano cewa jinkiri iri uku ne ke cin rai: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa can, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Ranar Sallah dukkan ukun suna ƙaruwa. Maigida ya tafi yawon gaisuwa kuma wayarsa ba ta shiga, hanyoyi sun cushe, asibiti kuma ma'aikatan da ke bakin aiki ba su kai na kullum ba. Rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya na baya-bayan nan sun nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke rasuwa a duniya sanadin ciki da haihuwa a Najeriya suke. Shi ya sa nake ganin shirin Sallah a gidan da ke da tsohon ciki ba daga wajen tela yake farawa ba.

Mataki na farko: ƙirga makonni, a je awo kafin hutu

Ki ɗauko katin awonki ki duba ranar da aka rubuta miki. Wannan rana cikar mako 40 ce daga ranar farko ta jinin al'adarki na ƙarshe, kuma jarirai kaɗan ne ke zuwa daidai ita. Daga mako 37 ciki ya isa haihuwa, wani kuma yakan kai 41 ko 42. Saboda haka idan Sallah ta faɗo tsakanin mako 37 da 42, ki ɗauka cewa ana iya haihuwa a ranar. Kada ki ce ai da saura sati biyu.

Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar zuwa awo sau takwas, kuma na ƙarshe-ƙarshen a jere suke: mako 34, 36, 38 da 40. Ɗakin awo yawanci a rufe yake a ranakun hutu, don haka idan ranarki ta faɗo cikin hutun, ki roƙi a matso miki da ita. Wannan zuwan ba na hawa sikeli kawai ba ne. Ki tambayi nas ko kan jariri ya juyo ƙasa. Ki tambayi awon jininki nawa ne, da rukunin jininki, a rubuta a kati. A gwada hawan jini da fitsari. Idan an yi hoton ciki, ki ji inda mabiyiya take, ko ta tare hanya. Ki karɓi maganin ƙarin jini da zai ishe ki har bayan hutu, da maganin kariyar zazzaɓin cizon sauro idan watan shansa ya zagayo.

Tambaya mafi muhimmanci ita ce: nan wurin ana karɓar haihuwa dare da rana a lokacin Sallah? Idan abu ya rikice, ana tiyata da ƙarin jini a nan, ko turawa ake yi? Wadda aka taɓa yi wa tiyata, da mai tagwaye, da mai hawan jini, da mai sikila ko ciwon suga, da wadda jaririnta ya zo a zaune ko a gicciye, da wadda ta haihu biyar zuwa sama, duk waɗannan babban asibiti ne wurin haihuwarsu. Su wuce can kai tsaye, ba sai an biya ta ƙaramin asibitin unguwa an ɓata awa guda ba.

Mataki na biyu: zama da maigida

Wannan zaman shi ne ƙashin bayan komai, kuma a yi shi aƙalla mako biyu kafin Sallah, lokacin da yara suka yi barci. Magana huɗu za a kashe.

Ta farko izini. Malam maigida, da kai nake. Ka faɗa wa matarka da bakinka, a gaban mahaifiyarka ko wani babba na gidan: "Duk lokacin da kika ji alama, ko ina nan ko ba na nan, ki tafi asibiti, na yarda." Gajeriyar magana ce, amma mata da yawa sun zauna cikin jini suna jiran mai izini ya dawo daga kasuwar dabbobi ko daga gidan abokai. Faɗarta a gaban shaida kuma ita ke hana wani ya tsaya a zaure ya ce a jira shi tukuna.

Ta biyu kuɗi. A ware kuɗin asibiti kafin a sayi rago, kafin a kai ɗinki. A ajiye tsabarsu a hannun matar, domin banki a rufe yake, taransifa kuma ta saba maƙalewa a irin waɗannan ranaku. A ƙiyasta har da abin da tiyata za ta iya ci, ko da ba a fatan ta. Na san nauyin da namiji ke ji idan maƙwabta sun ɗaure raguna shi ƙofar gidansa wayam. Amma layya sunna ce mai ƙarfi a kan mai hali, kuma malamanmu na Malikiyya sun bayyana cewa ba a neman ta daga wanda zai buƙaci kuɗin don lalurorinsa. Ga kuma ragon suna yana tafe nan da 'yan kwanaki. Wanda Allah ya hore masa duka biyun, madalla. Wanda bai da ƙarfin haka, kuɗin haihuwa ne a gaba.

Ta uku abin hawa. Ba lambar direba ɗaya ba, biyu: maƙwabci mai mota da mai adaidaita sahu na unguwa, kuma a tambaye su ko suna gari ranar Sallah. In akwai mota a gida, a cika mata mai tun jajibiri, kada a ba samari ita yawo. A wasu jihohin Arewa akwai tsarin da 'yan ƙungiyar direbobin haya ta ƙasa, wato NURTW, ke kai masu naƙuda asibiti, a Jigawa kuma akwai shirin Haihuwa Lafiya. A tambaya a wajen awo ko akwai irinsa a yankinku, a karɓi lamba. Sannan a yi tunanin hanya. A Kano, filin Idi na Ƙofar Mata dab yake da Asibitin Murtala, kuma shekarar da aka yi hawa, titunan da ke kewaye da Gidan Sarki da Ƙofar Kudu ba sa biyuwa na sa'o'i. Haka abin yake a Zariya da Katsina ranakun hawa. Wanda zai tuƙa ya san hanya ta biyu tun kafin buƙata ta taso.

Ta huɗu jini. Zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba wajen kashe masu jego. A 2023 an wallafa sakamakon wani babban bincike da aka yi a asibitoci 80 na Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ke cikin jagororinsa. Ya nuna cewa auna jinin da ke zuba da wata leda mai ma'auni, tare da ba da magunguna a lokaci guda, ya rage munanan sakamakon zubar jini da kusan kashi 60 cikin ɗari. Wannan taimako a asibiti ake samunsa, ba a ɗaka ba. Abin da ya rage wa iyali shi ne su tanadi mutum biyu masu lafiya da za su ba da jini, waɗanda ba za su bar gari ba. A gaya musu tun yanzu, su bar wayarsu a kunne.

A daren nan kuma a haɗa jaka: katin awo da takardun gwaji a sama, zannuwa, audugar mata, sabulu, kayan jariri da abin lulluɓa shi, filas, tocila, cajar waya, da duk abin da asibitinku ya rubuta a kawo. A ajiye ta bayan ƙofa, kowa ya san inda take.

Mataki na uku: a ina za a yi Sallar?

A ganina, mace ta wuce mako 36 ba ta da abin yi a wurin da ya fi tafiyar awa guda daga asibitin da za ta haihu. Sallar ƙauye tana da daɗi, amma bana a yi haƙuri da ita, a yi gaisuwa ta waya.

Idan goyon ciki za ta tafi gidan iyayenta, kamar yadda aka saba wa 'yar fari, to a tafi da wuri, wajen mako 34, ba ranar jajibiri da tasha ke cike ba. Tana isa ta kai katinta asibitin garin a buɗe mata fayil, don kada ranar naƙuda ta zama ranar da suka fara ganinta. A mota ta ɗaura bel, igiyar ƙasa a ƙarƙashin ciki kan ƙugu, ta sama kuma ta bi tsakanin ƙirji. A tsaya duk bayan awa ɗaya ko biyu ta taka ƙafa ta yi fitsari, domin dogon zama na iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Babur kam a bar shi. Jiragen sama galibi ba sa ɗaukar mai ciki bayan mako 36, mai tagwaye bayan 32, kuma da yawa suna neman takardar likita daga mako 28.

Mataki na huɗu: maganar azumi

Idan ƙaramar Sallah ce ke tafe, to makonnin ƙarshen nan cikin Ramadan suke, kuma a shekarun nan azumi da Sallolin biyu suna faɗowa ne tsakanin ƙarshen sanyi da tsakiyar bazara, lokacin da zafi a Sakkwato ko Maiduguri ke haura ma'auni 40. Shari'a ta yi sauƙi. Hadisi ya tabbata cewa Allah ya ɗauke wa matafiyi azumi da rabin salla, ya kuma ɗauke wa mai ciki da mai shayarwa azumi. A mashahurin zancen Malikiyya, mai cikin da ta ji tsoron cutuwa ta sha, ta rama daga baya, babu ciyarwa a kanta.

Mai ciwon suga, mai hawan jini, mai ƙarancin jini da mai tagwaye su bar azumin, su gaya wa likita. Wadda ke da lafiya ta ce za ta gwada, ta yi shawara a wajen awo, ta sha ruwa sosai tsakanin buɗa-baki da sahur, ta jinkirta sahur, ta zauna a inuwa. Da ta ji jiri, ko ciwon kai, ko fitsari ya yi kaɗan ya yi duhu, ko mara tana ɗaurewa, ko motsin jariri ya ragu, ta karya nan take, ko da saura rabin awa a kira salla. Ƙarancin ruwa a jiki yana iya tayar da ciwon mara. Asham da tahajjud kuma ana yin su a zaune; Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Imrana ɗan Husaini ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Maganin ƙarin jini a sha shi da ruwa ko lemon zaƙi, ba da shayi ba, domin shayi yana hana jiki tsotsar sinadarin.

Ina roƙon mutanen gida su daina tambayar "yau ma ba ki ɗauka ba?" a gaban jama'a. Wannan tambayar kaɗai ta sa mata da yawa sun ɗauki azumin da bai kamace su ba.

Mataki na biyar: raba aiki tun kafin ranar

Motsa jiki yana da amfani ga mai ciki, tafiya a hankali da ƙananan ayyuka ba sa cutarwa. Abin da ake gudu shi ne doguwar tsayuwa a bakin wuta, hayaƙi, ɗaga nauyi da santsi. Tsohon ciki yana sassauta gaɓoɓi, yana jan mace gaba, ga shi ba ta ganin inda take taka ƙafa. Tsakar gida ranar yanka kuwa ruwa ne da jini da kitse.

Don haka a cire mata tuƙin tuwo a babbar tukunya, daka, ɗaukar jarka, sauke tukunya, babbakar kai da ƙafa, wankin kayan ciki, da zaman tuya. A bar mata abin da ake yi a zaune a inuwa, baya a jingine: yanka albasa, ƙulla cincin, zuba abinci a kwanukan rabo, lissafin gidajen da za a kai wa.

Wahalar ba a rabon take ba, a faɗar take. Matar ɗa ba za ta iya kallon uwar mijinta ta ce ba zan yi ba. Miji ne zai shiga ya durƙusa ya ce: "Hajiya, bana ina neman alfarma a ɗauke mata tuwo da tuya. A asibiti sun ce ta rage tsayuwa. Zan nemo mai taya aiki, ko ƙanwarta ta zo ta kwana biyu." Iyaye ba su cika ƙin irin wannan ba idan an zo musu da ladabi kuma an zo da mafita. A gidan da ke da abokiyar zama ko faccaloli, a yi maganar a fili, a gode musu a fili, in da hali a kyautata musu da wani abu. Abin da ke haifar da gutsiri-tsoma shi ne a wayi gari kawai a ga ɗaya ta shige ɗaki ta bar saura da wuta.

Gidan da ya saba dafa kala huɗu, bana ya yi biyu. Cincin da dubulan ana sayen su.

Mataki na shida: kwalliya

Ki yi kwalliyarki, Sallah ce. Ɗinki ya zama bubu ko doguwar riga mai walawa, takalmi marar tudu mai kama ƙasa. Kitso a yi marar ɗaukar lokaci, kina tashi kina miƙe ƙafa. Jan lalle na gargajiya ba shi da matsala, amma baƙin da ake haɗawa da rinin gashi yana ƙona fatar wasu, gara a bar shi. Ki bar farcenki da tafin hannu ɗaya ba lalle, domin nan ma'aikatan lafiya ke dubawa su gane ko jini ya yi ƙasa. Zobe kuma ki cire tun yatsu ba su kumbura sun riƙe shi ba.

Mataki na bakwai: ranar Sallah kanta

Idi ba dole ba ne a kanki. In kina da ƙarfi kuma akwai masallacin Idi kusa, ki je da kujera da ruwa, ki zauna a gefen sahu, ki bari turmutsutsu ya wuce kafin ki tashi. Kallon hawa kuwa, da dawakai da bindigogi da turereniya, a bar shi sai baɗi.

Wajen gaisuwa, russunawa ta wadatar. Dattijuwar kirki da kanta za ta ce "a'a, zauna 'yar nan, kada ki durƙusa." A zaɓi gida ɗaya ko biyu da ba makawa, a je da sanyin safiya ko bayan la'asar, a dawo da wuri.

Nama yana da amfani gare ki, yana ƙara jini, amma sai wanda ya dahu har ciki. Tsiren da aka ɗauke daga wuta da ja a tsakiyarsa na iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke ratsawa ta kai ga jariri. In kin taɓa ɗanyen nama ki wanke hannu da sabulu. Hanta, wadda ita ake fara gasawa a miƙo wa mai ciki don ƙauna, tana da sinadarin bitamin A mai yawan gaske, kuma likitoci suna ba da shawarar masu ciki su kauce mata. Ki karɓa ki gode, ki miƙa wa yara, ki ci tsoka. Soye mai kakiɗe da yaji shi ke kawo ƙwannafin da ke hana barci, saboda mahaifa ta riga ta danne tumbi. Ki ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, kada ki kwanta sai an yi awa biyu da cin abinci, ki haɗa da ganye da 'ya'yan itace don bayan gida ya yi sauƙi. Fura da nono sai in kin tabbata an tafasa madarar kafin a kwantar da ita. Goro da shayi mai kauri da lemon kwalba a taƙaita, mai ciwon suga kuma ta riƙe tsarin abincinta ko da an ce ai yau Sallah ce.

Da dare jiki zai yi tsami. Kada a aiki yaro kemis ya haɗo maganin gajiya. A cikin haɗin nan akwai irin su ibufurofen da dikulofenak, waɗanda ke iya cutar da zuciya da ƙodar jariri a ƙarshen ciki. Farasitamol bisa ƙa'ida ya isa, in bai yi ba a tambayi likita.

Ki ware ɗaki ɗaya da baƙi ba sa shiga. Bayan azahar ki shige ki kwanta a gefenki, filo tsakanin gwiwoyi. Daga mako 28 ba a son mai ciki ta yi barci a rigingine. Da dare gidan sauro, ko da baƙi sun cika gida an rasa wurin ɗaurawa, naki ne farko. Yaran da ke shigowa barka da Sallah a tarbe su a tsakar gida, kuma duk wanda ke da zazzaɓi da ƙuraje, ƙyanda ko ƙarambau, kada ya matso ki. In kin riga kin yi cuɗanya da shi, ki sanar da asibiti.

Taron mata ba ya rasa masu ba da magani. Wata za ta kawo jiƙon da ke sa naƙuda ta zo da sauri, wata ta ba da labarin mai yin allurar naƙuda a gida. Da kyakkyawar niyya suke yi, amma abin da ke matsa mahaifa ba tare da awo ba yana iya fasa ta. Ba sai kin yi musu ba. Ki ce, "Na gode Gwaggo, Allah ya saka, bari in nuna wa nas tukuna," ki ajiye. Masu labarin wance da ta sha wuya kwana uku kuma, ki tashi ki ba su wuri.

Mataki na takwas: idan abu ya taso ana tsakiyar taro

Cikin hayaniya mace takan wuni ba ta lura da motsin ɗanta ba. Maganar da ake yi cewa jariri yana yin shiru idan haihuwa ta kusa ba gaskiya ba ce; yanayin motsin yakan canza saboda wuri ya matse, amma ba ya dainawa. Sau biyu a rana ki keɓe, ki kwanta a gefe, ki saurara. Asibitoci da yawa suna amfani da ma'aunin motsi 10 cikin awa biyu. In ya gaza haka, ko kika ji ba kamar yadda ya saba ba, ki tafi a ranar, kada ki bari sai an gama Sallah.

Akwai ɗaurewar ciki da ke zuwa ta tafi ba tsari, in an huta ko an sha ruwa ta lafa. Naƙudar gaske tana zuwa a jere, tana matsowa kusa-kusa, tana ƙara ƙarfi, hutu ba ya kwantar da ita, sau da yawa daga baya take tasowa ta zagayo mara. Ki duba agogo. 'Yar fari takan iya jira har ciwon ya riƙa zuwa duk minti biyar na tsawon awa guda, amma ranar Sallah, da cunkoson hanya, gara a tashi kafin haka. Wadda ta saba haihuwa kada ta jira ko kaɗan. Idan faya ta fashe, ki lura da lokaci da launin ruwan, ki sa auduga mai tsabta, ki tafi ko babu ciwo. Ruwa kore ko ruwan ƙasa alama ce jariri ya yi kashi a ciki, a gaggauta.

Waɗannan kuma ba a jiran komai a kansu: jini ko yaya yake, ciwon kai mai tsanani da ganin duhu-duhu ko walƙiya, kumburin fuska da hannuwa farat ɗaya, ciwo a saman ciki ƙarƙashin haƙarƙarin dama, zazzaɓi, numfashi sama-sama, ciki ya ɗaure tamau ba ya saki, ko faɗuwa a kan ciki. Ciwon kai da kumburin nan su ne masu share wa jijjiga hanya. In har mace ta fara jijjiga, a kwantar da ita a gefenta, kada a cusa mata cokali a baki, kada a ɗura mata ruwa ko rubutu, kada a tsaya hayaƙi. Hawan jini ne, kuma akwai allurarsa a asibiti. Addu'a a yi ta a cikin mota ana tafiya.

Babbar matsalar ita ce kunya. Falo cike da surukai, yarinya tana jin mara tana murɗawa, sai ta cije ta ci gaba da zuba lemo. Maganin wannan shi ne tun kafin ranar ki zaɓi mace ɗaya da kika yarda da ita, yayarki, ƙanwar miji ko maƙwabciya, ku yi alama tsakaninku. Ko da "zo ki taya ni neman ɗankwalina" ne. Ita za ta kira direba, ta ɗauki jaka, ta sanar da maigida, ku fita ba tare da an tara jama'a ba. A san kuma wadda za ta riƙe sauran yara. Mutum biyu sun isa rakiya. Ragowar su zauna su ci namansu, za a kira su.

Mataki na tara: in an sauka cikin hidimar

Kada a yi gaggawar dawowa gida don baƙi suna jira. Ana son mai jego ta yi aƙalla awa 24 a asibiti, domin a wannan tsakanin ne zubar jini ya fi zuwa. A sa jariri a nono cikin awar farko, a bar shi ya sha dakashi, kada a matse a zubar, kada a ba shi ruwa ko zuma. Cibiya a shafa mata maganin kulohekzidin da asibiti ke bayarwa, ban da man goge baki, toka ko gashi da tsumma.

'Yan barka za su haɗu da 'yan yawon Sallah, gida zai cika. A ajiye ruwa da sabulu a ƙofar ɗaki, mai mura ya yi barka daga waje, jariri kuma kada ya yi ta yawo hannu-hannu. Suna ranar bakwai ana iya yin sa daidai ƙarfi: a raɗa suna, a yanka abin da ya samu, taron mata a ɗaga shi sai mai jego ta warware. Iyaye mata masu kula da wanka su sassauta zafin ruwa, su rage kanwa a kunu. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kanwa da tsananin zafin jego da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Hawan jini ma yana iya tasowa bayan an sauka, don haka ciwon kai mai tsanani, kumburi, haki, zazzaɓi, ko jinin da ke jiƙa auduga cikin awa guda, duk na komawa asibiti ne a take.

Kafin a sallame ku, ku tambayi rigakafin haihuwa: allurar BCG ta kariyar tarin fuka, ɗigon shan-inna, da allurar ciwon hanta wadda aka fi so a yi cikin awa 24 na farko. Idan masu rigakafin suna hutu, a rubuta muku ranar da za su dawo, maigida ya sa ta a waya, a kai jaririn a ranar ko da ba a yi suna ba.